Gidajen abinci sun cika Kano, amma wa ke tsaye a kicin?

Duk wanda ya kwana biyu bai bi ta Nasarawa GRA da daddare ba, ranar da ya bi sai ya ɗauka ɓatan hanya yayi. Gidajen da muka taso muna gani da dogayen katangu da bishiyoyin mangwaro da darbejiya, na tsofaffin ma'aikatan gwamnati da manyan 'yan kasuwa, yanzu ɗaya bayan ɗaya ana fasa katangar gaba a sa gilashi, a rataya ƙananan fitilu a jikin bishiya, a kafa allo da wani suna na Turanci ko na Larabci, shikenan gida ya zama gidan abinci. Sultan Road, Lamido Crescent, titin Audu Baƙo, Bompai, ka gangaro Zoo Road da Court Road, ka miƙe Hotoro, kai har can titin BUK da wajen Kabuga babu inda abin bai kai ba. Wannan na shawarma ne da boga, wancan na mandi da kabsa, na gaba aiskirim da kek kawai, na kusa dashi shayi, kowanne da ranar buɗewarsa da masu ɗaukar bidiyo da ragin kuɗi na satin farko.

Ni dai tun daga farko zan faɗa, ina murna da wannan abu, bana cikin masu cewa duk lalacewar zamani ce. Saboda na san yanda garin nan yake lokacin da muke tasowa. Namiji yana da majalisa, yana da teburin mai shayi, yana da tukubar mai tsire, in ya ga dama ya zauna a bakin masallaci bayan isha'i ana hira har dare ya raba. Mace fa? In ba gidan biki ba sai gidan suna, in ba dubiya a asibiti ba sai ta'aziyya, iyakar fitarta kenan. Cin abinci a waje kuwa abin gwauro ne da matafiyi da ɗan kasuwar da ya yini a Kwari, magidanci ya zauna a gidan abinci sai a fara tambaya ko lafiya gidansa. Mu yara da sallah ake kaimu Gidan Zoo, in an ci sa'a Baba yana da kuɗi a biya ta Mr Bigg's a siyo mana wani abu mu ci a mota, ko zama ba'a cika yi ba.

Inaga lokacin da kowa ya gane akwai ƙishirwa a garin nan shine da aka buɗe Ado Bayero Mall a Zoo Road a 2014. Mutane suka dinga tururuwa kuma da yawansu ba siyayya ce ta kaisu ba, zuwa suke su zaga cikin sanyin esi, su ɗau hoto, su sayi burodi ɗaya su fito, da sallah kuwa ba masaka tsinke. An yi ta yiwa mutane dariya a lokacin wai ƙauyanci ne, amma ba ƙauyanci bane, gari ne mai miliyoyin mutane da bashi da inda iyali zasu je su zauna da yamma cikin mutunci, ba filayen shaƙatawa na kirki a unguwanni, tsofaffin silimu sun mutu, dama can ma ba wurin zuwan matan aure bane. Shoprite, babban kantin da ke cikin mall ɗin, ta tattara ta bar Kano a farkon 2024 amma ɗabi'ar fita ta riga ta zauna, ita waɗannan sababbin gidajen abincin suka gada. Abin da suke saidawa da farko wurin zama ne, abincin daga baya yake zuwa, kuma anan alherinsu yake anan ciwonsu yake.

Alherin na ganshi da idona ranar da muka lallaɓa Hajiyarmu muka fita da ita, macen da tunda take bata taɓa zama a gidan abinci ba, da ƙyar ta yarda tana ta cewa me za'a dafa mata a can da babu a gidanta. Wuri ne da suka ware ɓangaren iyali daban. Tana zama abin da ta fara tambayar yaron da ya kawo menu shine "Ɗan nan, ina wurin sallar mata?" Ya ce "Ga shi can Mama, bari in nuna miki." Ta je ta dawo fuskarta a sake, wai banɗakin tsaf, butoci a wanke, ga darduma ga hijabai a ninke. Daga nan ta saki jiki ta ci gasasshen kifi ta sha shayi, tana kallon wasu 'yan mata a teburin gefe da suka baza littattafai suna karatu, da wani dattijo da matarsa su biyu kawai suna cin abinci suna hira ƙasa-ƙasa. A mota ta ce "Ashe haka wuraren suke, ni da na ɗauka duk marasa mafaɗi ne ke zuwa." Abin da ke ran iyaye da yawa kenan, kuma ba talla ce ta cire mata shi ba, buta ce mai tsafta da yaro mai ladabi.

A Legas ko Abuja in ana lissafin sababbin wurare tare ake haɗawa da mashaya, gidan abinci kaza ya buɗe, gidan giya kaza ya buɗe. Mu namu lissafin daban ne. Tun 2000 aka ƙaddamar da shari'a a Kano, ga Hisbah, giya kuwa kowa ya san a Sabon Gari take, unguwar da tun zuwan jirgin ƙasa sama da shekara ɗari take da nata tsarin rayuwar, kuma ba'a buɗe mashaya da gangami da masu bidiyo, ko a 2022 sai da Hisbah ta farfasa kwalabe kusan miliyan huɗu a lokaci guda. Toh abin da ya cike gurbin a sauran gari, inda samari da magidanta zasu zauna bayan isha'i su sha wani abu su yi hira, shine gidan shayi. Ba teburin mai shayi na da nake nufi ba mai benci da gwangwanayen madara a jere, shi yana nan daram kuma Allah ya bar mana shi. Wannan sabon salo ne, a shimfiɗa kafet a zuba tum-tum, butoci a kan gawayi, shayin ya sha kanumfari da citta da kirfa da na'a-na'a, a zuba maka a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ga talabijin ana kallon ƙwallo, ga mai gashi a gefe yana juya balangu. Maigidana yana zuwa wani da abokansa, in ya dawo tun daga ƙofa nake jin ƙamshin gawayi da kanumfari a rigarsa, kuma hankalina a kwance yake don na san inda ya zauna. Su kuma manyan wuraren sai su yi kanta mai fitilu da dogayen kujeru irin na mashaya sak, amma abin da ake haɗawa a kai lemuka ne, zoɓo da abarba, kunun aya da dabino da kwakwa, tsamiya mai sanyi, lamurje. Wallahi abin yana burgeni, an ɗauko tsarin wasu an zuba namu a ciki ba tare da an saɓawa Allah ba.

Inda nake da magana shine masu fakewa da abinci. A gaba gidan abinci ne, a can baya akwai wani ɗaki mai duhu da kiɗa da tukwanen shisha, yaran da ko sakandare basu gama ba suna shiga suna fita. Gwamnatin jiha ta sanar da hana shisha a irin wuraren nan tun 2021, amma wanda yake shiga gari ya san wasu matsar da ita ciki kawai suka yi. Garin da ya sha wahalar kodin har sai da gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018 bai kamata ayi wasa da duk wani ɗakin da yara ke ɓuya a ciki ba. Kuma abin da masu wannan basa ganewa, ko suna ganewa basu damu ba, ranar da aka kai samame wuri ɗaya bidiyon ya zaga WhatsApp ba su kaɗai abin ke shafa ba, a daren nan uba zai tara 'ya'yansa mata ya ce daga yau kar in ƙara jin wata ta ce zata gidan abinci, miji ya faɗawa matarsa haka, shikenan 'yar damar da mata suka fara samu ta kuɓuce, mai sana'arsa tsakani da Allah shima ya rasa kwastoma.

Amma ba samame ne ke kashe yawancinsu ba, da kansu suke mutuwa. Zaka ga wuri ya buɗe ana layi, motoci har sun tare ƙofar maƙwabta, bayan 'yan watanni ka wuce kaga rabin fitilun sun mutu, ka sake wucewa kaga an manna takarda wai ana gyara, daga nan sai wani ya karɓa ya canja fenti ya canja suna a sake sabon biki. In ka tambayi masu shi zasu ce maka tsadar rayuwa ce, kuma ba ƙarya suka yi ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira komai ya tashi, dala ta haura 1,500 a farkon 2024, shi kuwa mai fiza da boga cukunsa da kayan haɗinsa da yawa daga waje suke. Wuta kuma a Afrilun 2024 aka maida 'yan Band A, wato layin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, duk da haka sai ka ajiye janareto saboda firiza bata san uzuri ba, esi kuwa a zafin bazarar Kano in ya tsaya minti goma kowa tashi zai yi. Ga man inji, ga gas na girki, ga hayar GRA da ake biya a dunƙule, ga masu karɓar haraji kala-kala. Duk na yarda.

Sai dai akwai abin da basa faɗa. Je ka duba inda kuɗin ya tafi kafin a buɗe. Silin POP, kujeru daga Turkiyya ko Dubai, bango guda da aka lulluɓe da furen roba saboda masu hoto, fitila mai rubutu, kuɗin 'yan TikTok da zasu zo su ci kyauta su rantse basu taɓa cin irinsa ba. Sannan ka leƙa kicin, in sun barka. Ɗan yayata yayi aikin weta a ɗaya daga cikin masu tashen nan, daga bakinsa na san abin da ke bayan ƙofar nan da ake rubuta ba'a shiga. Ɗaki ne ƙarami ba taga ta kirki, mutum uku suna gogar kafaɗa cikin zafi, famfo ɗaya shine na wanke kaza shine na wanke faranti. Mai wurin yana Abuja, ta kyamara yake kallon kanta da akwatin kuɗi, bai taɓa tambayar wa ke siyo nama ko ƙarfe nawa ake zuwa abbatuwa ba. Su yaran suna shiga tun hantsi basa tashi sai sha biyun dare, faranti ya fashe a cire a kuɗinka, kwastoma ya sulale bai biya ba a cire a kuɗinka, ya nuna maka taransifa a waya ka sallame shi alat bai shigo ba, a cire a kuɗinka. Lokacin da aka hana adaidaita sahu yawo daga ƙarfe goma na dare a 2022, yaron nan a sito yake kwana kan buhunan shinkafa saboda ba abin hawa, uwarsa tana can gida bata runtsa ba. Ko yanzu da gwamnatin jiha ta yanka naira dubu 71 a matsayin mafi ƙarancin albashi, wata rana ka ja yaron da ya kawo maka faranti gefe ka tambaye shi nawa yake ɗauka. Ya za'a yi wanda ake yiwa haka ya kawo maka abinci da fara'a?

Shi kuwa kukun nasu, wanda shine ƙashin bayan wurin, wani bawan Allah ne da ya koyi girki a otal shekara da shekaru, ma'aunin komai a kansa yake ba'a rubuce ba. Ya nemi a ƙara masa wani abu aka ce yayi haƙuri kasuwa ba daɗi, a satin kuma aka sauke sababbin kujerun waje. Wani sabon wuri da zai buɗe a layin baya ya ɗora masa 'yan dubbai ya tafi. Aka ɗaga yaronsa aka bashi tukunya. Yau shinkafa ta caɓe, gobe gishiri yayi yawa, jibi a ɗumama kazar jiya, kuma ba wanda yayi rigima, mutanen Kano basu cika rigima a kan abinci ba, zasu biya su ce "Allah ya amfana" su tafi, amma fa bazaka ƙara ganinsu ba. Hoto sau ɗaya ake ɗauka a gaban bangon fure, in an ɗora shi an gama da wurin, abin da zai dawo da mutum karo na biyu da na goma a cikin faranti yake.

Ga kuma ciwon menu. A miƙo maka littafi guda, shinkafar 'yan China, fiza, taliyar Italiya, sakwara da agushi, mandi, farfesun kayan ciki, shawarma kala biyar, duk daga kicin ɗaya hannu ɗaya. Ka zaɓi wannan a ce ya ƙare, wancan a ce sai dai gobe, a ƙarshe kowa jalof da kaza zai ci. Sannan bil ya zo kaga bayan harajin VAT na kashi 7.5 an ɗora wani kuɗin hidima da ba wanda ya gaya maka tun farko, a wurin su ɗan yayata dai ko sisi baya shiga aljihun wanda yayi hidimar.

Gwaggona waina take saidawa a cikin gari tun kafin a haifeni, a zauren gidanta, bata da allo bata da suna a intanet. Abu ɗaya take yi. Ta jiƙa shinkafar tuwo a kai niƙa, ta haɗa ƙullu ta rufe ya kwana ya tashi, da asuba ta hura wuta ta ɗora tanda, kuma da ta ɗaga ludayi ta ga yanda ƙullun ke zuba ta ɗanɗana a harshe ta san ko yayi tsami yana son 'yar kanwa ko yayi daidai. Miyar taushen kabewa ce da alayyahu da yakuwa da gyaɗa da ƙashin rago, ita da kanta take duba kabewar, in ɗan aike ya siyo wadda bata yi mata ba sai ya mayar. Kafin ƙarfe tara ta sallami kowa, daga GRA ɗin nan ake aiko direbobi da kuloli. Tsadar da ta kada masu gilashi itama ta same ta, shinkafa ta tashi, man gyaɗa ya tashi, itace ya tashi, ta rage girman wainar ta kuma gayawa masu siye gaskiya, amma bata taɓa rage gyaɗar miya ba. Na taɓa nuna mata bidiyon wani sabon wuri a waya, ta kalla har ƙarshe ta miƙo min ta ce "Uhm, yayi kyau 'yar nan. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Kar a ɗauka cewa nake a bar abincin waje a koma tuwo. Kano bata taɓa ƙin baƙon abinci ba. Gurasar da muke tinƙaho da ita, ta Jakara, wadda ake bandashe da ita a barbaɗa ƙuli-ƙuli, daga wurin Larabawa muka samo ta. Kwarori sun fi shekara ɗari a garin nan da nasu kalar cimar. Mandi da kabsa in ka ci na hannun 'yan uwanmu da suka tashi a Makka da Jidda zaka san bambanci, naman yana sakin ƙashi da kansa, shinkafar warara kowace ƙwaya da ƙamshin hayaƙi. Indomi ma jiya-jiya ta zo gashi har ta zama ta mai shayi. Ni ba ruwana da inda abinci ya fito, tambayata wa ya iya shi, kuma an riƙe wanda ya iya ɗin da daraja ko ba'a riƙe ba.

Abin da ya fi faranta min rai a 'yan shekarun nan shine wuraren da suka daina jin kunyar namu. Da in wuri yana da esi toh bazaka ga ɗanwake a ciki ba. Yanzu akwai inda zaka zauna a kawo maka ɗanwake da mai da yaji da dafaffen ƙwai, dambun shinkafa da zogale, dashishi, alkubus da miyar taushe, funkaso, sinasir, tuwon shinkafa miyar kuka man shanu yana narkewa a kai, har garau-garau, wasu ma a akushi suke zubawa, fura ta zo a ƙwarya da ludayin duma. Baƙo ya zo daga Legas ko Yamai ko Turai kana da inda zaka kaishi ya ci abincin garin a zaune cikin tsafta ba sai an tashi matar gida da girkin dare ba. Ta fuskar lissafi ma ya fi, kayan duk a nan suke, hatsi a Dawanau, kayan miya a 'Yankaba, tumatir daga Kadawa da Kura, kayan marmari a 'Yan Lemo, nama a abbatuwa, ba sai ka tashi kullum kana duba farashin dala ba. Roƙona kawai dan Allah a daina jera 'yan ƙwayoyin ɗanwake a tsakiyar ƙaton faranti a ɗiga yaji a gefe da sunan ado a ce dubu kaza. Ɗanwake abincin ƙoshi ne, a zuba shi yanda mai ci zai tashi ya gode Allah.

Masu iya girkin kuwa ba nisa suka yi ba, suna cikin gidaje. Tun zaman kullen korona a 2020 mata da yawa suka fara saida abinci daga kicin ɗinsu, a ɗora a WhatsApp da Instagram, ayi oda a tura kuɗi mai kai saƙo ya kai. Wasu zawarawa ne, wasu matan aure, wasu 'yan mata da suka gama jami'a ba aiki. Su ne suka san nawa buhun fulawa yake a Singa yau, su ne in kwastoma ya ce gishiri yayi yawa basa barci sai sun kira sun bada haƙuri, saboda sunansu ne a jikin robar. Abin da basu dashi jari ne da wuri. Shi kuma Alhaji yana da jari yana da wuri bashi da hannu. Ni na rasa me yasa har yanzu ba'a cika haɗa biyun nan ba, a kirata a matsayin mai kaso a cikin riba ba 'yar aikin da za'a sallama ranar da ta ce a ƙara mata ba, a bar mata kicin da cefane, a tsara lokacin yanda zata iya da gidanta, shi ya riƙe haya da wuta da lissafi. 'Yan wuraren da na sani da suka daɗe ɗanɗanonsu bai canja ba, in ka bincika zaka tarar mai wurin da kansa ko da kanta ke shiga kicin, ko kuma wanda ke kicin ɗin yana da rabo a ciki.

Akwai wani abu kuma da baya barin raina in na zauna a irin wuraren nan. A 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a ƙasar nan, faranti ɗaya a wasu wuraren ya fi abin da lebura ke samu a yini. Ba laifi bane mai hali ya ci abin da Allah ya hore masa, amma kana fitowa ga almajirai da robobi a bakin get maigadi yana korarsu, a ciki kuma abinci ake juyewa a bola, musamman da azumi lokacin da ake jera kuloli na shan ruwa kowa ya ɗibi abin da ya fi cikinsa. Akwai masu wuraren da suke ware abin da ba'a taɓa ba su zuba a roba su raba bayan an tashi, Allah ya saka musu da alheri, ba wani kuɗi yake ci ba, tsari kawai yake so da mutum ɗaya da za'a ɗorawa.

Duk maganar nan ta taso min ne saboda autanmu da ya tara 'yan kuɗinsa ya zo min da zancen zai buɗe nashi. Ya zo da hotuna a waya, kalar fenti, irin fitilun, har suna ya zaɓa. Na ce "Auta, wa zai dafa?" Ya ce "Haba Yaya, ai wannan mai sauƙi ne, za'a samu." Na ce toh zauna. Na ce masa ya fara nemo mai girkin kafin ya nemo shago, ya yanka abin da mutum bazai dinga leƙen layin baya ba kuma a rubuta a takarda da shaidu. Abinci kar ya wuce kala huɗu ko biyar, waɗanda za'a siyo kayansu da safe su ƙare da dare. Ya ware kuɗin man inji na wasu watanni a gefe kar ya taɓa ko da ana layi, ya kuma shiga maƙwabta ya gaishe su tun kafin motocin kwastomominsa su tare musu ƙofa.

Bai ji daɗin maganar fitilun ba, har yanzu muna ja a kai, ya ce in wuri bai haska ba matasa bazasu shigo ba, kuma a nan yana da gaskiyarsa, na ce ya sa amma daidai aljihu. Shagon dai bai kama ba tukuna. Ranar Asabar in Allah ya kaimu zai ɗauke ni da Hajiya zuwa gidan wata baiwar Allah da ake yabon dambunta da miyar taushenta, mu ci mu gaya masa gaskiya, in ta yi kuma mijinta ya amince sai a zauna maganar kaso.